Fiffiken da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi

Tirela ce ta sauke shi bayan rumfata a kasuwar Dembe,
fari fat, ya fi sahun masallacinmu tsawo.
Direban ya ce daga arewa ya ɗauko shi, inda duwatsu suke ja,
wai ya shekara da shekaru a kan hasumiya yana juyi,
yana tatsar iska, gari na shan lantarki,
har ranar da aradu ta tsaga masa kafaɗa.

Ni Barmo, gwangwan na gada.
Ubana da mayen ƙarfe yake gaisawa da kaya,
ni ma haka na tashi.
Na ɗora masa nawa, ya zame ya faɗi.
Na sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.
Ba ƙarfe, ba tagulla, ba dalma,
zaren gilashi ne aka dama da ƙaro.
Wuta ba ta narka shi, sikeli bai san kuɗinsa ba,
ƙasa ma, in ka ba ta, ba za ta ci ba.

Sai Nenoji, mai buga takardu a gefen gidan waya,
ta ce ana ba da tallafi.
Wasu ne a ƙetare ke cigiyar
wanda zai busa wa irin wannan gawa rai.
Shafi goma sha huɗu, duk da Faransanci.
Ta karɓi jaka biyu, ta gyara zaman tabarau.
"Mene ne manufar aikinka?"
Na ce, ya tashi daga ƙofata, awaki sun fara kwana a cikinsa.
Ta yi dariya, ta buga wani abu mai tsawo.
"Mutum nawa za su amfana?"
Na ƙirga yaran shagona huɗu, na ƙara da Hisen mai shayi.
Ta ce su can lamba mai ƙiba suke so.
"Wane sakamako kake hange nan da wata goma sha takwas?"
Wata goma sha takwas!
Ni da ban san farashin tagulla na jibi ba.

Muka aika. Shiru.
Shirun ya yi azumi da mu, ya ci naman layya,
ya bi mu har cikin damina.

Daren da Logon da Shari suka haɗa baki
suka shiga Waliya ba sallama,
ƙanwata Tasalla ta kira ni daga kan katanga,
muryarta na rawa, cajin wayarta na ƙarewa.
Muka far masa da zarto, ni da yara, a hasken tocila.
Garinsa ya fi ƙaiƙayin maiwa cizo,
ya shiga wuya, ya shiga hammata.
Muka tsaga cikin, muka toshe bakin da katako da kwalta.
Kafin hantsi, mai yankan iska ya koyi yankan ruwa.
Ya ɗauko Tasalla da keken ɗinkinta,
da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke ta yi mana faɗa,
da buhun dawa biyu,
da agwagin da ko kusa ba su nemi taimako ba.
Sawu ashirin da bakwai.
Hisen ne ya ƙirga, da gawayi, a jikinsa.

Ruwa ya janye, ya bar wa bango zane.
Sai ga amsa.
An amince. Za a biya kashi uku,
da sharaɗin kada a taɓa kayan
sai masani ya zo ya auna, ya ɗauki hoto.

Nenoji ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta dube ni.
Ni kuwa ina susar hannu, don har yau bai daina ba.
Rabinsa na bakin kogi, samari na kamun tarwaɗa da shi.
Wani yanki ya zama inuwar masu jiran mota.
Tsinin, Tasalla ta yi wa kajinta akurki.

Masanin zai sauka Injamena ran Talata.
Na ce ta rubuta masa:
ya taho da awo mai tsawo da takalmin ruwa,
sannan ya yi hattara da baƙar kazar,
tana kwancin ƙwai.